Wa ke ta ƙoƙarin shiga imel ɗina? Abin da ke faruwa da abin da ya kamata ka yi

Ranar wata Alhamis da yamma, kasuwar Maigatari ta fara watsewa, kawuna ya kira ni a waya. Fataucin riɗi da zoɓo yake yi. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Kai ɗan nan, wai me na tsare wa mutanen Rasha?"

Na ce, "Kawu, lafiya?"

Ya ce kwana uku ke nan saƙo na shigo masa cewa wani ya yi ƙoƙarin shiga imel ɗinsa, yau daga wannan ƙasa, gobe daga waccan. Ta wannan imel ɗin ne mai sayen kayansa na Legas yake turo masa takardu. Shawarar da ya yanke ita ce ya cire layin wayarsa ya yar, ya sayi sabo, kowa ya huta. Na roƙe shi kada ya taɓa layin sai na zo.

Irin wannan saƙo ba kawu kaɗai yake samu ba. Ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Gumel, malaman makaranta, masu POS, duk wanda ke riƙe da wayar Android yana iya tashi da safe ya gan shi. Maganar da nake so in faɗa a wannan rubutu ita ce: ba ka da ikon hana a ƙwanƙwasa maka ƙofa, amma kana da ikon sa ƙwanƙwasar ta tashi a banza. Kuma abin da ya fi kai mutane ƙasa ba yawan ƙwanƙwasar ba ne. Abu biyu ne: mukullin da suka bari a hannun wasu, da firgicin da ke sa su buɗe ƙofar da hannunsu.

Mai ƙwanƙwasar bai san ka ba

Abu na farko da zai kwantar maka da hankali: galibi ba mutum ba ne yake zaune yana buga kalmar sirrinka da yatsa. Manhaja ce aka ɗora wa jerin adireshin imel da kalmomin sirri, tana bin su ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, ba gajiya.

Daga ina jerin ya fito? Daga kamfanonin da aka taɓa yi wa kutse. A 2012 an saci bayanan masu amfani da LinkedIn, a 2016 aka ga bayanan mutum sama da miliyan 100 daga cikinsu a kasuwa ana sayarwa. A 2013 an shiga rumbun Yahoo, kuma a watan Oktoban 2017 kamfanin ya bayyana cewa abin ya shafi dukkan asusu biliyan 3 da yake da su. A watan Janairun 2019, wani masanin tsaron intanet ɗan Ostireliya, Troy Hunt, ya ba da labarin wani tarin bayanai da aka haɗo daga kutse daban-daban, mai ɗauke da adireshin imel kusan miliyan 773. Irin waɗannan jeri suna ta yawo hannu zuwa hannu har yau.

Dabarar 'yan dandatsa ta dogara ne a kan halinmu guda ɗaya: maimaita kalmar sirri. Mutum ya yi rajista a wani ƙaramin shafi na neman aiki ko na tallafi, ya sa kalmar sirrin da yake amfani da ita a imel da Facebook. Ran da aka fasa wancan shafin, an samu mukullin da ke buɗe ɗakuna uku. Mu ɗauka, don misali kawai, cewa cikin kowane gwaji dubu guda ɗaya ne ke dacewa. Wanda ya gwada miliyan ɗaya ya samu asusu dubu, kuma bai kashe komai ba sai kuɗin data da wuta. Shi ya sa ba sa dainawa.

Sunan ƙasar da kake gani ma bai cika nuna inda mai laifin yake ba. Kamfanin imel yana kintatar wuri ne daga adireshin intanet na na'urar da ta yi yunƙurin, wanda ake kira IP. Masu kutse kuwa suna bi ne ta kwamfutoci da wayoyin wasu mutane da suka riga suka harba da muguwar manhaja, a ƙasashe barkatai. Wannan kintace yana kuskure ko a kanka: kana zaune a Gagarawa ka shiga imel ɗinka, saƙo ya ce an shiga daga Legas ko Kano, domin ta can kamfanin layinka yake fitar da data. Don haka ka fi mai da hankali kan samfurin wayar da lokacin da aka nuna, ba sunan gari ba.

To me suke nema a imel ɗin talaka?

Mutane da yawa sukan ce, "Ni ai ba komai a ciki." Akwai. Imel shi ne zauren gidanka na intanet, ta nan ake bi a shiga sauran ɗakuna. In ka manta kalmar sirrin Facebook, ko ta shafin JAMB, ko ta hidimar ƙasa, ko ta wata manhajar kuɗi, ina ake turo maka hanyar sabuntawa? Imel. Wanda ya riƙe shi yana iya sabunta su duka ya kulle ka a waje. A wayar Android kuwa, asusun Google ne ke ajiye lambobin mutanenka da hotunanka da ajiyar hirarrakin WhatsApp, kuma da shi ana iya ganin inda wayar take, a kulle ta, ko a goge ta daga nesa.

Ga ɗan kasuwa irin kawu akwai haɗari na musamman. Ɓarawon ba ya taɓa komai, yana laɓe yana karanta saƙonni, sai ranar biyan kuɗi ya aika wa mai saye saƙo da sunanka cewa an canza lambar asusun banki. Hukumar FBI ta Amurka ta ce asarar da aka kai mata ƙara daga irin wannan damfara ta kai dala biliyan 2.9 a 2023 kaɗai.

Saƙo iri uku, kowanne da maganinsa

Kafin ka yi komai, ka natsu ka gane wane irin saƙo ne ya zo maka.

Na farko shi ne wanda ke nuna an gwada an kasa, kalmar sirrin da aka sa ba daidai ba ce. Wannan hayaniyar titi ce. In kalmar sirrinka mai ƙarfi ce kuma ba ka sa ta a wani wuri ba, ko sau dubu aka gwada ba abin da zai faru.

Na biyu shi ne wanda ke cewa wani ya yi amfani da kalmar sirrinka amma an tare shi, ko kuma ka ga wayarka tana tambayarka "kai ne kake ƙoƙarin shiga?" alhali ba kai ba ne. Wannan ba wasa ba ne. Yawanci yana nufin kalmarka ta fita, shinge na biyu ne kawai ya rage. Na kawu irin wannan ne. Haka nan lambar tantancewa da ta shigo ba ka nema ba: ko dai wani na neman sabunta kalmar sirrinka, ko ya riga ya san ta. Ba wanda za ka karanta wa wannan lamba, ko da ya ce daga banki ko kamfani yake.

Na uku shi ne mafi haɗari: saƙon gargaɗin kansa na bogi ne. A ranar 19 ga Maris 2016, John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka, ya samu saƙo mai kama da na Google sak, yana cewa wani daga Yukiren ya samu kalmar sirrinsa, ya danna nan ya canza. Shafin da maɓallin ya kai na ɓarayin ne. A watan Oktoba na shekarar, dubban saƙonninsa suka fito bainar jama'a ana dab da zaɓe. Mutumin da ke da ma'aikatan kwamfuta ke nan, balle ni da kai.

Ƙa'idar a nan guda ɗaya ce, ka riƙe ta da kyau: kada ka danna komai a cikin saƙon gargaɗi, na gaskiya ne ko na ƙarya. Rufe shi, ka buɗe manhajar imel ɗinka da kanka, ka shiga saitin asusu, ka je sashen tsaro. In gargaɗin na gaskiya ne za ka tarar da shi a can.

Matsalarmu ta gida: wa ya buɗe maka imel ɗin?

Da na isa Gumel na karɓi wayar kawu, abin da na gani ya fi saƙonnin tayar min da hankali. Kalmar sirrinsa lambar wayarsa ce, wadda ke rubuce a jikin shagonsa. Lambar da aka sa don dawo da asusu in an rasa shi kuwa, ba tasa ba ce. Ta yaron da ya saita masa wayar ce a wani shago, shekara biyar da suka wuce. Kawu bai ma san inda yaron yake yanzu ba.

Ba na zargin yaron da komai, ya yi abin da ya sauƙaƙa masa aiki ne ranar. Amma haka abin yake a wurarenmu. Yawancin imel ɗin da ke yawo daga Gumel zuwa Sule Tankarkar ba masu su ne suka buɗe su ba. Mai sayar da waya ne, ko mai shagon kwamfuta lokacin rajistar jarrabawa, ko wani ɗan uwa da ya fi sanin waya. Wani shagon ma kalmar sirri ɗaya yake sa wa duk wanda ya zo, don kada ya manta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tamu tsagar a nan take.

Akwai kuma batun layi. Idan layin waya ya daɗe ba a amfani da shi, kamfanin sadarwa yakan karɓe lambar ya sake sayar wa wani. In tsohon layinka ne ke maƙale da imel ɗinka, lambobin tantancewa suna tafiya wayar baƙo. Wannan ne ya sa na hana kawu yar da layinsa: da ya yi haka, da ya ƙara rasa wani mukulli, ɓarayin kuma ko a jikinsu.

Abin da za ka yi, bi da bi

Ka ware rabin awa a inda sabis ke da ƙarfi, ka bi waɗannan a jere.

1. Canza kalmar sirri. Tsawo ya fi ƙawa muhimmanci, ga lissafin. Ranar haihuwa cikin shekara ɗari zaɓi kusan 36,500 ne kawai, kwamfuta ba ta jin su. Ƙananan baƙaƙe takwas da aka zaɓa barkatai sun ba da kusan biliyan 209. Kalmomi huɗu da aka tsinto barkatai daga jerin kalmomi 2,000 sun ba da tiriliyan 16, kuma sun fi sauƙin riƙewa. Ka haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ba karin magana ba, ba sunan 'ya'yanka ba, ba addu'ar da kowa ya haddace ba. Kuma kada ka sa ta a ko'ina sai imel. In kana tsoron mantuwa, rubuta ta a takarda ka adana a gida tare da takardun gona. Ɓarawon da ke wata nahiya ba ya buɗe akwatin ɗakinka.

2. Duba lambar waya da imel na dawo da asusu. Su zama naka, kuma layin yana aiki, an yi masa rajista da NIN ɗinka. In ka ga na wani, cire.

3. Duba jerin na'urorin da ke cikin asusun. Duk wayar da ba ka gane ba, ko tsohuwar da ka sayar, ko kwamfutar shago, fitar da ita.

4. Duba ko an saita tura saƙonninka zuwa wani adireshi. Wannan ake yawan mantawa. Wanda ya taɓa shiga yakan bar umarni cewa duk saƙon da ya shigo a aika masa kwafi, kuma canza kalmar sirri ba ya goge umarnin. A Gmail sai ka buɗe ta burauza a tsarin kwamfuta za ka ga wannan sashe.

5. Kunna tantancewa mai mataki biyu. Wato bayan kalmar sirri, sai an nuna wani abu da ke hannunka. A watan Mayun 2019 Google ya fitar da sakamakon binciken shekara guda da ya yi tare da Jami'ar New York da Jami'ar Kalifoniya ta San Diego. Lambar da ake turowa ta saƙon tes ta tare dukkan hare-haren manhajojin nan masu gwaji, da kashi 96 cikin ɗari na yaudarar shafin bogi da ake watsa wa jama'a, da kashi 76 na harin da aka auna mutum guda. Tambayar da ke fitowa a fuskar waya ta fi: kashi 100, 99 da 90.

6. Sauke lambobin ko-ta-kwana. Google yana ba da guda goma, kowace mai lamba takwas, ana amfani da kowace sau ɗaya. Rubuta su a takarda. Ran da waya ta faɗi a kasuwa ko aka zare ta, su ne za su mai da kai gida.

7. Je ka duk inda ka taɓa sa tsohuwar kalmar sirrin ka canza ta. Kana iya sa adireshin imel ɗinka a shafin Have I Been Pwned, wanda Troy Hunt ya kafa a 2013, ya nuna maka ko yana cikin bayanan da aka san an sace.

Wane mataki na biyu ya dace da bakin iyaka?

Saƙon tes ya fi babu nesa ba kusa ba, amma yana da rauni biyu. Ana iya yaudarar ka ka karanto lambar, ko a karɓe layin da sunanka. Sa'annan yana buƙatar sabis. Duk wanda ya san ƙauyukan bakin iyaka ya san yadda sabis ke ɗaukewa, wani lokaci wayar ma ta kama na Nijar, kana jiran lamba ba ta zo ba.

Manhajar tantancewa, irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, ta warware na biyun. Ranar da ka saita ta, ita da kamfanin imel suna raba wani sirri a tsakaninsu. Daga nan kowannensu yana haɗa sirrin da agogo ya lissafo lamba shida da ke canzawa duk daƙiƙa 30. Tunda lissafi ne ba saƙo ba, lambar tana fitowa ko ba sabis ko kaɗan, muddin agogon wayar daidai yake.

Akwai kuma sabon tsari da ake kira passkey, wanda Google ya buɗe wa kowa a watan Mayun 2023. Da shi, yatsarka ko makullin fuskar wayarka ne ke buɗe asusu, kuma ba ya aiki sai a shafin gaskiya, don haka shafin bogi ba shi da abin da zai sata. Sai dai kada ka saita shi a wayar da kuke amfani da ita ku da yawa.

Ga gargaɗi kan tambayar "kai ne?". A watan Satumban 2022 an yi wa kamfanin Uber kutse. Maharin ya samu kalmar sirrin wani ɗan kwangila, ya yi ta aika buƙatar shiga, wayar mutumin na ta ƙara, har ya amince da ɗaya. Dabarar ita ce a gajiyar da kai. In ba kai ka nema ba, amsar "a'a" ce ko sau ɗari, sa'annan ka canza kalmar sirri nan take.

Wayar da kanta

Inda wuta ba ta samuwa, wayoyinmu suna wuni a wurin mai caji, cikin ɗaruruwan wasu. Sa wa wayar makulli. Saita ta yadda saƙon tes ba zai bayyana a fuska ba in tana kulle, in ba haka ba kowa na iya karanta lambar tantancewarka ba tare da ya buɗe ta ba. Sa wa layin ma lambar PIN, don in an cire shi an sa a wata waya ya ƙi aiki. Amma ka kiyaye: kuskure uku yana toshe layin sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da layin ya zo a ciki. In kuma ka shiga imel a kwamfutar shago, ka tabbata ka fita kafin ka tashi, kuma kada ka yarda kwamfutar ta adana kalmar sirrin.

In an riga an shiga fa?

Yi amfani da shafin dawo da asusu na kamfanin, daga wayar da ka saba shiga da ita kuma a wurin da ka saba, domin wannan yana taimaka wa kamfanin ya gane kai ne. Kira bankinka kai tsaye. Kira abokan cinikinka da murya ka gaya musu kada su yarda da wata sabuwar lambar asusu sai sun ji daga bakinka. Sanar da 'yan uwa kada su tura kuɗi in an roƙe su da sunanka. In kuɗi sun fita, kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci kan irin wannan damfara. Kuma ka yi hattara da masu cewa za su dawo maka da asusu in ka biya. Da yawansu damfara ta biyu ce a kan ta farko.

Shin sai an buɗe sabon imel? Galibi a'a. Sabon ma wata rana zai shiga wani jeri, ga wahalar sauya shi a banki da makaranta da sauransu. Abin da ya fi shi ne ka raba: ɗaya na banki da karatu da kasuwanci, wanda ba ka bai wa kowa, ɗaya kuma na cike fom ɗin tallafi da rajistar shafuka.

Aikin wayar kawu bai kai minti arba'in ba, har da shan shayi. Lambobin ko-ta-kwana suna cikin jakar da yake ajiye rasitan riɗi. Bayan mako biyu na tambaye shi ko mutanen Rasha sun daina. Ya ce ya ga alamar sun sake zuwa sau ɗaya ko biyu, bai kula su ba.

Yau da dare, in ka samu sarari, buɗe sashen tsaro na imel ɗinka ka duba abu ɗaya tak: lambar wa ke ciki? In ka gama naka, ka duba na mahaifiyarka da na mahaifinka.